Kalmar "face": baƙuwar da Sinawa masu koyon Turanci ke ɗauka 'yar gida ce

Akwai wata jimla da takan fito daga bakin Sinawa masu koyon Turanci, ko a takardunsu na jarrabawa: "You lost my face." Kalmomi huɗu ne, dukkansu Turanci ne tsantsa, kuma an jera su yadda nahawu ya yarda. Amma in ka faɗa wa mutumin Landan, sai ya yi sororo yana kallonka, don abin da kunnensa ya ji shi ne wai ka ɓatar masa da fuska kamar yadda ake ɓatar da makulli. Shi kuwa mai maganar, abin da ke ransa a fili yake: ka kunyata ni, ka zubar mini da mutunci a gaban jama'a. A Sinanci haka ake faɗar abin, "ni diu le wo de lian", wato ka yar da fuskata. Ya ɗauko ta ne kalma bayan kalma ya sa mata rigar Turanci.

Abin da ya sa nake ganin wannan kuskure ya cancanci a zauna a kansa shi ne, ba irin na rago ba ne. Na ɗalibi ne mai ƙwazo, wanda ya yi karatu har ya gano cewa Turanci yana da "lose face", ya kuma ji cewa daga bakin kakanninsa Turawa suka aro ta. Da jin haka sai ya saki jiki, ya ɗauka duk abin da Sinanci ke yi da fuska Turanci ma yana yi. Kalmar da ɗalibi bai taɓa gani ba, yakan tsaya ya buɗe ƙamus ko ya tambayi malam. Wadda yake ganin 'yar gidansu ce kuwa, ba ya tambayar kowa a kanta.

Masu cin karo da wannan kalma ba kaɗan ba ne. Tun 2001 ma'aikatar ilimi ta Sin ta umarci a fara koyar da Turanci daga aji uku na firamare. A jarrabawar shiga jami'a da suke kira gaokao, wadda aka dawo da ita a 1977, harshen waje yana ɗauke da maki 150 cikin 750 a yawancin larduna, kuma kusan kowa Turanci yake zaɓa. A 2024 mutum sama da miliyan 13 ne suka yi rajistar wannan jarrabawa. In an shiga jami'a kuma akwai jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'a, CET mataki na 4, wadda aka fara a 1987. Duk waɗannan mutane tun suna ƙanana suka haddace cewa "face" ita ce "lian", tare da ido da hanci da baki, a darasin sassan jiki. Daga nan ba a cika komawa kanta ba, ana ganin an gama da ita.

Ita kanta "face" ba haifaffiyar Turanci ba ce. Daga Faransanci ta shigo wajen shekarar 1300, a zamanin da Faransanci ke harshen fada da kotu a Ingila bayan Normawa sun ci ƙasar da yaƙi a 1066. Faransanci kuma ya gaje ta daga Latin, "facies", wadda ma'anarta ta fari ita ce siffa ko ƙirar abu. Sanin wannan tushe yana da amfani, don shi ke bayyana dalilin da ya sa Bature yake ba abubuwa marasa rai fuska. Agogo yana da "face", wurin da lambobi suke. Tsauni yana da "face", gefensa mai miƙewa tsaye. Mai haƙar kwal yana aiki a "coal face", mai ɗab'i yana zaɓen "typeface", wato ƙirar haruffa, kuma kalmar "surface", saman abu, daga nan ta tsiro.

A wannan ɓangare ɗalibin Sin ba ya shan wahala, don harshensa ma haka yake yi. Sinanci yana da kalmomi biyu na fuska. Akwai "lian", wadda ake wankewa da safe, akwai kuma "mian", tsohuwar kalma wadda a daɗaɗɗen rubutu ake zana ta kamar ido a cikin zagayen fuska. Ita "mian" ce ta bazu cikin ɗaruruwan kalmomi: "biaomian" saman abu, "mianji" faɗin fili, "duimian" ɗaya tsallaken, "jianmian" haɗuwa ido da ido, "mianshi" ganawar neman aiki, "fangmian" ɓangaren magana. Wannan ta ƙarshe Bahaushe zai gane ta nan take, tunda mu ma mukan ce "in aka duba ta wannan fuska". Wani abu da ya ƙara wa harafin nauyi shi ne, lokacin da gwamnatin Sin ta sauƙaƙa rubutu a 1956, an haɗe harafin garin alkama da taliya da na fuska saboda lafazinsu ɗaya ne. Yau a babban yankin Sin harafi guda, 面, shi ne fuska, shi ne taliya, alhali a Taiwan da Hong Kong har yanzu daban ake rubuta su.

Wahalar tana farawa ne daga inda fuska ta zama mutunci. Daga 1757 zuwa 1842 Guangzhou, wadda Turawa ke kira Canton, ita ce kaɗai tashar da daular Qing, mai mulkin Sin a lokacin, ta yarda Turawan yamma su yi ciniki a cikinta. A nan aka haifi wani gurɓataccen Turanci na kasuwa, wanda kalmominsa na Ingila ne amma ƙirarsa ta Sinanci ce. Bayan yarjejeniyar Nanjing ta 1842 ta buɗe tashoshi biyar, har da Shanghai, Turawa mazauna gaɓar tekun Sin suka yawaita, suna jin Sinawa suna maganar yar da fuska, su ma suka kama. Robert Hart, mutumin arewacin Ireland da ya shugabanci hukumar kwastan ta daular Qing tun daga 1863 har kusan rabin ƙarni, ya yi amfani da "lost face" a wani rubutunsa na 1876 yana maganar yadda Sinawa ke ganin gwamnatinsu ta amince da sharuɗɗan da suka zubar wa ƙasar da ƙima. Zuwa ƙarshen ƙarnin sai "save face" ta biyo baya, a matsayin kishiyar "lose", kuma masu ƙamus suna danganta ƙirarta ga Turawan da ke zaune a Sin.

To, iyakar abin da Turancin Ingila da Amurka ya aro ke nan: a rasa fuska, a tsirar da fuska, sai 'ya'yansu biyu, "loss of face" da "face-saving". Kamar wanda ya shiga rumbu ne ya ɗebi tafi biyu ya fita. Rumbun kuwa cike yake. A Sinanci ana ba da fuska, "gei mianzi", ana bar wa mutum fuska, "liu mianzi", ana ƙoƙarin neman fuska, ana son fuska, ana duba fuskar wani a yafe wa wani, har yaga fuska ana yi, "sipo lian", idan mutane biyu suka daina ɓoye gabarsu. Suna da karin magana cewa mutum na buƙatar fuska kamar yadda itace ke buƙatar ɓawo. Duk wannan dukiya tana kan harshen ɗalibi, kuma mafi yawanta ba ta da mazauni a Turanci.

A 1944 wata masaniyar al'adu Basiniya, Hu Hsien-chin, ta yi wani bayani da har yau ake komawa gare shi. Ta ce "lian" da "mianzi" ba abu ɗaya ba ne. "Lian" ita ce amincewar da jama'a suka yi cewa mutum yana da hali na gari. Kowa yana da ita, talaka da mai kuɗi, kuma wanda ya rasa ta zama cikin mutane ya gagare shi. Shi ya sa a ce wa mutum "bu yao lian", wato ba ya son fuska, zagi ne mai zafi ƙwarai, kusan a ce masa marar kunya marar mutunci. "Mianzi" kuwa martaba ce da ake samu ta hanyar muƙami, dukiya, nasara, ko yawan manyan da mutum ya sani. Tana ƙaruwa, tana raguwa, ana iya ba da ita aro. Mai karatu Bahaushe zai ji wannan bambanci a jikinsa, don ya yi kusa da wanda ke tsakanin mutunci da girma. Ana iya hana mutum girmansa a wurin taro, ya ji haushi, ya koma gida da mutuncinsa. In aka ci mutuncinsa kuwa, wannan wata magana ce daban. Ba na cewa ma'anonin sun yi daidai ƙwabo da ƙwabo, amma harshen da ke da "cin fuska", da "sakin fuska", da "shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma", ya fi Turanci kusa da gane abin da Basine ke nufi.

Turanci ya zuba waɗannan biyun cikin ƙwarya ɗaya, sannan ya rage musu nauyi. Ya kuma ajiye "lose face" a wani lungu na musamman. An fi jin ta a maganar gwamnatoci, 'yan siyasa, kamfanoni da masu sasanta rikici: wane yana neman hanyar janyewa ba tare da ya ji kunya ba, sai a ce ana nema masa "face-saving" mafita. A hirar yau da kullum Bature ba ya yawan kai hannu gare ta. Basine da ya zame ya faɗi a gaban mutane zai ce "zhen diu lian". In ya mayar da ita "I lost face", sai ta yi wa abin girma, kamar an sa babbar riga don zuwa ɗiban ruwa. Abin da ɗan Ingila zai ce shi ne "that was so embarrassing". In abin ya fi haka zafi, yana da "humiliated", in kuma laifi ne ya yi wanda zuciyarsa ke tuhumarsa a kai, "ashamed". Kalma ɗaya ta Sinanci ta rabu gida uku ko huɗu, kuma babu "face" a ko ɗaya.

Sai nahawun abin, wanda shi ne ya kayar da mai jimlar farko. A "lose face" kalmar a tsirara take: ba "a", ba "the", ba "my", ba jam'i. A tsofaffin rubuce-rubuce akan ga "save his face", amma yau "save face" ake cewa. Kuma mutum fuskarsa kaɗai yake iya rasawa a Turanci, ba ya rasa ta wani. Sinanci ya yarda ɗa ya yar da fuskar iyayensa, ɗan wasa ya yar da fuskar ƙasarsa, don a wurinsu fuska abar tarayya ce tsakanin dangi. Turanci sai ya yi zagaye, ya ce "you made me lose face", ko ya bar fuskar gaba ɗaya ya ce "you embarrassed me", ko "he disgraced his family". Ga mutumin da harshensa ba shi da "a" da "the" ko kaɗan, wanda ya sha jan biro shekara da shekaru saboda mantawa da su, a zo a ce masa a nan kuma kada ya sa, ba ƙaramin rikici ba ne. Ga shi a "make a face", yatsina fuska, dole a sa, haka a "keep a straight face", danne dariya.

Wuraren da Turanci ba shi da komai sun fi sauƙi, don malam zai ba da madadi a wuce. "Gei wo ge mianzi", wato ba ni fuska, wadda ake faɗa wa baƙo a wurin liyafa ko abokin ciniki, ta koma "do it for me" ko "do me a favour". Duba fuskar mahaifin yaro a yafe masa ta koma "for his father's sake", abin da mu za mu ce ya ci albarkacin mahaifinsa. Aikin da wani jami'i ya yi don a gani a yaba, "mianzi gongcheng", Bature ba ya ce masa "face project", "vanity project" yake cewa.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne wuraren da harsunan biyu ke da magana iri ɗaya a ido, ma'ana kuwa ta sha bamban, don a nan ba wanda zai tsaya ya ce bai gane ba. Kowa zai tafi da tasa fahimtar. Ɗauki kaurin fata. A Sinanci "lianpi hou", fatar fuska mai kauri, marar kunya ke nan, mai tsaurin ido, wanda za a kora ya dawo. A Turanci "thick-skinned" mutum ne da suka ba ta girgiza shi, kuma sau da yawa yabo ne, ana cewa ɗan siyasa ko ɗan jarida sai da ita. Basine zai iya zagin mutum da ita, wanda aka zaga ya yi godiya. Bature kuma zai iya yabon abokin aikinsa Basine da ita, ya bar shi da ciwo a zuci. Kishiyarta ma haka: "lianpi bao", fatar fuska marar kauri, mai kunya ne, alhali "thin-skinned" mai saurin fushi ne wanda ba a taɓa shi da magana.

Ga kuma "face value". A Turanci darajar da aka buga a jikin takardar kuɗi ko tikiti ke nan, abin da Sinanci ke kira "mianzhi". Daga nan aka sami "take it at face value", wato ka karɓi magana yadda aka faɗe ta ba tare da tono ba. Amma matasan Sin suna da wata kalma da ta yi tashe a intanet, "yanzhi", wadda in aka warware ta harafi harafi ita ma darajar fuska ce, ma'anarta kuwa kyawun mutum, kamar ana ba shi maki. Ɗalibin da ya rubuta cewa wata 'yar wasa tana da "high face value" yana nufin kyakkyawa ce, mai karatu kuma yana ganin an mayar da ita takardar kuɗi.

Launi ma yana da nasa. Fuska ta yi ja don kunya ko fushi, wannan harsunan biyu sun yarda. Sai dai a wasan gargajiya na Beijing, inda ake yi wa 'yan wasa fenti a fuska, ja alamar amana da jarumta ce, kamar ta janar Guan Yu, fari alamar makirci ce, kamar ta Cao Cao, baƙi kuma na mai gaskiya marar sassauci ne, kamar alƙali Bao Zheng. Daga nan suka sami salon maganar ɗaya ya rera jar fuska ɗaya ya rera fara, wato ɗaya ya lallasa ɗaya ya tsananta. Turanci yana da wannan dabara, amma da 'yan sanda yake misalinta, "good cop, bad cop", kuma "white-faced" a wurinsa wanda tsoro ko ciwo ya sa ya koɗe ne. Inda aka yi dace kuwa shi ne "two-faced": Sinanci yana da "liangmianpai", mu muna da mai fuska biyu, duka munafuki ake nufi.

Duk wannan a kan suna ne. A takardun jarrabawa kuwa "face" ta aikatau ce ta fi cin maki, don ɗaliban Sin suna son ta ƙwarai a rubutun insha'i: ƙasa tana fuskantar ƙalubale, matasa suna fuskantar matsin neman aiki. Kuskuren da ake yawan gani shi ne "we face to many problems", ko "we face with many problems". Dalilin na farko yana cikin ƙirar kalmomin Sinanci. "Miandui" da "mianxiang", masu nufin fuskanta, kowace gaɓa biyu ce, ta farko fuska, ta biyu tana nuna wajen da aka dosa. Ɗalibi ya fassara ta farko "face", ta biyu "to". Ga shi kuma ya haddace "face to face" tun yana ƙarami, kunnensa ya saba da jin "to" a bayan kalmar. Turanci kuwa kai tsaye yake tafiya, "we face many problems", kamar dai yadda Hausa ke cewa muna fuskantar matsaloli ba tare da an sa komai a tsakani ba. "With" tana shigowa ne kawai idan an juya jimlar, "we are faced with many problems". Ɗalibi ya ga wannan a littafi, ya riƙe "with", ya manta da "are" da "-ed".

Akwai wani abin sha'awa a nan. A Turanci mutum yana fuskantar matsala, matsala ma tana fuskantar mutum, "the problems we face" da "the problems facing us", kuma ma'anar ɗaya ce. Sannan "face up to" ta ƙara wani abu da "face" kaɗai ba ta da shi, wato mutum ya daɗe yana gudun gaskiya yanzu ya tsaya ya karɓe ta. "Let's face it" kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya ne. "Face the music", wadda ta fito daga Amurka a ƙarni na 19, ba ruwanta da kiɗa, girbar abin da mutum ya shuka ne. A maganar gini, Sinawa suna da tsohuwar al'adar gida ya ba arewa baya ya kalli kudu, haka aka gina tsohuwar fadar sarakuna da ke tsakiyar Beijing, kuma Turancin wannan shi ne "the house faces south". Amma da yake ana iya cewa "faces onto the street", ɗalibi zai ga ashe wani lokaci ƙaramar kalma tana biyo baya, sai shakka ta dawo. Bahaushe mai koyon Turanci shi ma yana da nasa ramin a nan, don "na fuskanci abin da kake nufi" a wurinmu ganewa ce, ita kuwa "face" ba ta taɓa nufin ganewa.

Lafazi ba ya buƙatar dogon bayani. Gaɓar Sinancin Mandarin tana ƙarewa ne da wasali, ko "n", ko "ng", sai "r" a wasu wurare, don haka "s" a ƙarshen kalma baƙuwa ce, sai a ƙara mata wasali ta zama "fei-si". Mandarin kuma ba shi da sautin "th" na "faith" ko na "z" da ke cikin "phase", sai kalmomin uku su narke su zama ɗaya a baki. Mu da "face" da "pace" ke rikice mana, mun san irin wannan ciwo. Facebook, wanda aka toshe a babban yankin Sin tun 2009, a Sinanci "lianshu" ake ce masa, littafin fuska, an fassara sunan ne maimakon a kwaikwayi sautinsa.

Ɗalibin da ya kai jami'a ya karanci ilimin harshe zai tarar da wata "face" ta uku tana jiransa. A 1955 Erving Goffman, masanin zamantakewa haifaffen Kanada, ya ɗauki kalmar ya mayar da ita ma'aunin yadda kowane ɗan Adam ke kare ƙimarsa a cikin hira. Penelope Brown da Stephen Levinson suka gina nazarinsu na ladabin magana a kanta a 1978, suka faɗaɗa shi a 1987, suka ce fuska iri biyu ce: son a yaba maka, da son a ƙyale ka kada a takura maka. Masana Sinawa, irin su Gu Yueguo a 1990, suka ce wannan ta biyun ba ta yi kama da abin da suka sani a gida ba. A Sin mai gida ya matsa wa baƙo sai ya ci abinci, ya ƙi, a sake matsawa, wannan karamci ne, ba takurawa ba. Ina ganin suna da gaskiya, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin fita daga gidan Bahaushe lokacin da aka sauke tukunya zai shaida. Kalmar ta bar Guangzhou, ta zaga Landan da Amurka, ta dawo jami'o'in Beijing da ma'anar da masu ita na asali suke gardama da ita.

Shin "give face" kuskure ce? A nan ra'ayina ya saɓa da na malaman da ke jan biro a kanta ba tare da bayani ba. A Hong Kong, inda Kantonanci, Sinancin yankin, ke cewa "bei min", da Singafo da Malesiya, "give face" Turanci ce mai rai, ana faɗa ana ganewa. Tun 1980 masanin ƙamus Ge Chuangui ya bambanta Turancin da ke ɗauke da abubuwan Sin na haƙiƙa da kuma gurɓataccen Turanci na rashin iyawa. Babban ƙamus na Oxford ya karɓi "guanxi", kalmar Sinanci mai nufin alaƙa da sanayya, a 2018 kuma ya shigar da "add oil", kirarin ƙarfafa gwiwa da aka fassara kai tsaye daga Sinancin Hong Kong. Ita kanta "lose face" ai a bakin 'yan tashar jirgin ruwa ta fara. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa sarin kaya unguwar Xiaobei a Guangzhou ko kasuwar Yiwu, inda sau da yawa Turanci ne gadar da ke tsakaninsu da masu kaya, in aka ce musu "give me face" ba sa buƙatar tafinta, don sun san ba mutum girmansa. Amma mai duba takardar gaokao ko IELTS, jarrabawar Turanci ta ƙasa da ƙasa, ba ɗan kasuwa ba ne, kuma wasiƙar neman aiki zuwa Manchester ba cinikin Yiwu ba ce. Haƙƙin ɗalibi ne a gaya masa duka biyun: ga inda maganar ke tafiya, ga inda za ta tsaya. A ce masa kuskure ce kawai, an rage masa gaskiya, a ce masa daidai ce kawai, an jefa shi.

Akwai kuma wurin da fuska ta daina zama kalmar da ake koya ta zama abin da ke hana koyon. Sinawa da kansu suna da suna ga wannan cuta, "yaba yingyu", Turancin bebe: mutum ya yi shekara goma yana karatu, ya ci jarrabawa da maki mai kyau, amma in baƙo ya tambaye shi hanya sai baki ya ƙi buɗuwa. Jarrabawar da ta fi ba rubutu da karatu muhimmanci tana da nata laifi, yawan ɗalibai a aji ma haka. Sai dai tsoron yin kuskure a gaban tsara, tsoron "diu lian", yana cikin manyan dalilai. Harshe kuwa ba ya zama a baki sai an yi ta kuskure a bainar jama'a.

Wanda ya fi kowa cin kasuwar wannan tsoro shi ne Li Yang, wanda ya yi karatu a Jami'ar Lanzhou a ƙarshen shekarun 1980. Yadda yake ba da labari, Turanci ya yi ta kayar da shi, sai ya koma fita fili yana karanta jimloli da ƙarfi kamar mai kiran wani daga nesa, har ya ci jarrabawar CET da maki mai yawa. A 1994 ya kafa tsarinsa mai suna Crazy English, ya riƙa tara dubban mutane a filayen wasa suna ɗaga murya tare. Ban yarda ihu yana koya wa mutum inda ake sa "with" da inda ba a sawa ba, kuma alƙawuran da irin waɗannan tsare-tsare ke yi sun fi abin da suke iya cikawa. Amma ya gano inda ƙurjin yake. Ɗaya daga cikin take-taken da ya sa jama'a suna maimaitawa shi ne "I enjoy losing face", ina jin daɗin zubar da fuskata. Ga mutanen da aka yi wa tarbiyya a kan cewa mutum na buƙatar fuska kamar yadda itace ke buƙatar ɓawo, faɗar wannan da babbar murya a gaban dubban baƙin ido ba ƙaramin abu ba ne. A cikin jimlar tasa kuma "face" tana tsaye yadda Turanci ke son ta, ba "my" a gabanta, ba "the".